Kumbon zai isa a 2031, mai nemana kuma yana son amsa bana

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Funtuwa ce, shekarata 28. Na karanta ilimin duwatsu da ma'adinai a Zariya, Allah ya ba ni tallafin karatu na zo Jamus na yi digiri na biyu a kan kimiyyar duniyoyi. Yanzu wuri biyu sun ce in zo in yi digirin digirgir, kaina kuma ya ɗaure. Na farko wani babban farfesa ne da ke cikin tawagar ɗaya daga na'urorin kumbon JUICE, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa watannin da ke kewaya duniyar Jupita. Burina ke nan tun ina aji biyu a jami'a, sai dai kumbon ba zai isa ba sai 2031, lokacin ina da shekara 34. Ta biyun wata malama ce matashiya da ba ta yi suna ba, tana nazarin ƙwayoyin ƙasar da aka ɗebo daga duwatsun samaniya na Ryugu da Bennu. A wurinta kwantiragi ne da albashi, a wurin farfesan kuwa alawus ne na shekara uku.

A gida kuma akwai wanda ke nemana, injiniya ne a Kaduna, magabatansa sun je gaisuwa tun bara. Da ya matsa a sa rana sai na ce masa ya bari sai kumbon ya isa. Tun daga ranar kiransa ya ragu. Mama kullum tambayarta sai yaushe. Baba bai hana ni ba, amma ya ce har yanzu bai ga amfanin mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan dutsen da ba zai taɓa takawa ba. Anti ina son aikin nan, ina son mutumin nan, ba na kuma son ɓacin ran iyayena. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Jamus.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a karatun. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na ga inda gizo ke saƙa. Maganar da kika faɗa wa bawan Allahn nan, wai ya bari sai kumbo ya isa, ki janye ta cikin makon nan. Ban ga laifinsa ba da kiransa ya ragu. Kin ba shi ranar da ba a hannunki take ba, ba a hannun farfesanki take ba, kai, ko hukumar da ta harba kumbon ba za ta rantse miki a kanta ba.

Ke da kike cikin fannin kin fi ni sanin labarin kumbon Galileo da aka tura Jupita, amma bari in tuna miki. An amince da shi a Amurka a 1977, ana sa ran harba shi a 1982. Aka yi ta ɗagawa, sannan kumbon Challenger ya tarwatse a Janairun 1986, komai ya tsaya cik. Sai Oktoban 1989 Galileo ya tashi, ya kuma isa Jupita a Disamban 1995. Shekara 18 ke nan. Wanda ya shiga aikin yana saurayi, ranar da kumbon ya isa 'ya'yansa suna sakandare, idan dai bai yi irin alkawarin da kika yi ba.

Za ki ce JUICE ya riga ya tashi tun 14 ga Afrilun 2023, saboda haka batun ɗage harbawa ya wuce. Haka ne. Amma Yulin 2031 isa Jupita ne kawai. Shawagi biyu da zai yi kusa da Yuropa, ɗaya daga watannin Jupita masu ƙanƙara, sai 2032. Shiga kewayen Ganimid, babban watan Jupita, kuwa, wanda shi ne ainihin abin da aka ƙera kumbon dominsa, sai Disamban 2034, lokacin kina da shekara 37. Daga nan a tace bayanai, a rubuta maƙala, a yi ta kai da komo da masu tantancewa. Kafin wannan ya lafa an fara rubuta takardun neman kumbo na gaba. Ranar da mai wannan sana'a zai ce yau na samu sarari, babu ita a kalanda.

Waɗanda suka daɗe a aikin ba su jira ta ba. Linda Spilker ta shiga JPL, cibiyar ƙera kumbuna ta Amurka, a 1977, shekarar da aka harba kumbunan Voyager. 'Ya'yanta mata biyu a tsakanin wucewar Voyager ta Satun a 1981 da isarsa Yuranus a 1986 ta haife su, ta ci gaba da aikinta, har ta zama shugabar masana kimiyyar kumbon Cassini daga 2010 zuwa ranar da aka tunkuɗa shi cikin iskar Satun a Satumban 2017. Margaret Kivelson, wadda tawagarta ta gano a 1996 cewa Ganimid yana da ƙarfin maganaɗisu nasa na kansa, ita ma ta yi aure ta haihu tun da ƙuruciya. Ranar da aka harba kumbon Europa Clipper zuwa Yuropa a Oktoban 2024 shekararta 95, tana jagorancin tawagar ɗaya daga na'urorinsa, kumbon kuma sai Afrilun 2030 zai isa. Akwai kuma Michael Drake na Jami'ar Arizona, wanda ya yi shekaru yana neman a amince da kumbon da zai ɗebo ƙasar dutsen samaniya, aka mayar da takardunsa har sau biyu. A Mayun 2011 aka amince, a Satumban wannan shekarar ya rasu. Ƙasar Bennu da malamarki ta biyu ke nazari, aikinsa ne, bai kuwa ga ko harbawar ba. Mu da muka yi imani da ajali bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

To me za ki ce wa mai nemanki? Ki ba shi lokacin da ke hannunki. Misali ki ce a ɗaura aure a hutun ƙarshen shekararki ta farko, idan kin zauna da gindinki a wurin aikin, ko kuma kafin ki fara ma idan magabata sun shirya. Amma kada ki saye shi da rana ki ɓoye masa sauran. Ki faɗa masa dalla-dalla cewa bayan digirin, yawancin masu wannan bincike sai sun yi aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku, sau ɗaya ko sau biyu, wani lokaci a wata ƙasar daban, kafin su samu kujerar dindindin, wasu ma ba sa samu. Ko manyan wuraren ba su tsira ba: a Fabrairun 2024 JPL ta sallami ma'aikata kusan 530 saboda matsalar kasafin kuɗi. Sannan ku yi maganar da samari da 'yanmata ke gudu saboda ba ta da daɗi. Ina za a tare? Shi zai nemi aiki a can, ko ke za ki riƙa zuwa hutu har ki gama? Idan Allah ya kawo rabo a tsakiyar karatu fa? Bayan digirin gida za ki dawo, ko sai kin ƙara wasu shekaru? Idan ya ji duk wannan ya ce ya amince, kin samu miji. Idan ya ce ba zai iya ba, bai zama mugu ba, kuma gara ku sani tun lefe bai shigo gida ba. Abin da ba na so shi ne ki bar shi a rataye har ya gaji ya tafi da kansa, ke kuma ki zauna kina cewa karatu ne ya kore shi, alhali rashin amsa ne.

Mama kuma ba ta yi kuskure ba. Tambayarta ta kowace uwa ce, kuma da zarar kin ba ta wata da shekara za ki ga ta koma lissafin kayan ɗaki.

Yanzu zaɓin malami. A nan zan daɗe, domin ina jin kin auna abin da ma'aunin da ba shi ba. Kina auna sunan kumbo da sunan farfesa. Abin aunawa shi ne: a kan me kundin digirinki zai tsaya? Digirin shekara uku zuwa huɗu ne, za ki gama shi kumbon yana cikin tafiya. Ke nan ko hoto ɗaya na Ganimid daga JUICE ba zai shiga kundinki ba. Ɗaliban da ke shiga irin wannan tawaga a shekarun tafiya, aikinsu daidaita na'ura ne, da gwada ta a kwamfuta, da tsara inda za ta kalla a wace daƙiƙa idan an isa. Aiki ne na gaske, kuma wanda ya san halin na'ura ciki da bai ana nemansa ranar da bayanai suka fara zubowa. Sai dai yana iya barin ɗalibi da shekara uku na wahala da maƙala ɗaya tak, a fannin da ake ƙirga maƙaloli kafin a ba mutum aiki.

Ga kuma haɗarin da ba a so a ambata a gaban manyan tawaga. Kumbon Mars Observer ya yi shiru a Agustan 1993, saura kwana uku ya shiga kewayen Mars. CONTOUR, da aka ƙera don taurari masu wutsiya, ya lalace a Agustan 2002, makonni kaɗan bayan harba shi. Tagwayen ƙananan kumbunan Janus an gama ƙera su tsaf, amma da aka ɗage harba kumbon Psyche da za su tashi tare daga 2022 zuwa 2023, sai hanyarsu ta ɓaci, aka kai su ɗakin ajiya. Galileo kansa babbar eriyarsa ta ƙi buɗewa a 1991, sai da ƙaramar aka lallaɓa, hotuna da yawa da aka tsara ba a samu ba. JUICE ma ya tsorata masu shi: eriyar radarsa mai tsawon mita 16 ta maƙale bayan harbawa, sai 12 ga Mayun 2023 ta saki. A kowane ɗaya daga waɗannan akwai ɗalibai da matasan masu bincike da suka jingina shekarunsu a kai. Ba fata nake yi ba, Allah ya kai shi lafiya. Amma manomin da ya dasa dabino yakan shuka gero a tsakanin layukan, domin gidansa ba zai jira shekarun da dabino zai fara 'ya'ya ba kafin a ɗora tukunya.

Saboda haka ki rubuta wa farfesan, cikin ladabi, ki tambaye shi: idan kumbon ya yi shiru gobe, me zai rage a kundina? Malamin kirki ba zai ji haushin tambayar ba, zai ma ƙara ganin girmanki. Amsa mai kyau tana nan idan yana da ita. Kumbon Juno ya wuce Ganimid da tazarar kilomita dubu da 'yan kai a ranar 7 ga Yunin 2021, ya wuce Yuropa da kusan kilomita 350 a Satumban 2022. Ga tarin bayanan Galileo da na Cassini a rumbunan NASA da na hukumar sararin samaniyar Turai, kyauta ga duk mai intanet. Kada ki raina tsohon bayani. A 2018 Xianzhe Jia na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa suka koma kan awon da Galileo ya yi a Disamban 1997, suka fito da alamar cewa kumbon ya ratsa ta cikin feshin ruwa daga Yuropa ba tare da kowa ya lura ba. A 2023 tawagar Frank Postberg a Balin ta gano gishirin fosfet a ƙwayoyin ƙanƙarar da ke fitowa daga Enseladus, watan Satun, shekara shida bayan ƙarewar Cassini. A 2024 Valéry Lainey na Paris ya nuna daga bayanan kumbon nan dai cewa ƙaramin watan Satun mai suna Mimas, da kowa ya ɗauka dunƙulen ƙanƙara ne kawai, yana da teku a cikinsa. Idan farfesan ya ce kashi biyu cikin uku na aikinki a kan irin wannan zai tsaya, sauran kuma shirin JUICE, to tayinsa ya zama abin dubawa. Idan amsarsa ita ce ki yi haƙuri, manyan abubuwa na tafe, to ki gode masa ki kama gabanki.

Ki ƙara da tambayar ɗalibansa na yanzu, a wurin shan shayi ba a ofis ba, sau nawa suke ganinsa a wata. Babban farfesa mai kujera a tawagar kumbo rabin shekararsa a taruka take ƙarewa.

Tunda shawarata kika nema ba jerin zaɓi ba, ni wajen malamar nan na karkata. Dalilina na farko hannunki ne. Ke 'yar ilimin duwatsu ce, an horar da idonki a kan yankan dutse a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kin san ma'adini da ganin yadda yake juya haske. Wannan aikin shi ne naki, an dai canja inda aka samo dutsen. Zuwa da kai ya fi saƙo, in ji Hausawa, kuma a fanninku ɗebo ƙasar a kawo ta gida shi ne zuwa da kai. Kumbon Hayabusa na Japan ya sha wahala ya dawo a Yunin 2010 da 'yan ƙwayoyi kusan 1,500 da ido ba ya gani daga dutsen Itokawa. Hayabusa2 ya sauke giram 5.4 na Ryugu a hamadar Ostireliya a Disamban 2020. OSIRIS-REx, kumbon da Drake ya yi wa fafutuka, ya sauke giram 121.6 na Bennu a hamadar Utah ranar 24 ga Satumban 2023. Duka-duka bai cika gwangwanin madara ba, amma NASA ta ware aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙasar Bennu ta adana don masu binciken da za su zo nan gaba. Aikin ba zai ƙare a zamaninki ba.

Ki san irin rayuwar da za ki shiga dai. Ƙwayar da za a ba ki wataƙila ba ta kai ƙwayar gero ba, baƙa ƙirin kamar gawayi, mai saurin marmashewa. A cikin akwatin gilashi mai cike da iskar naitirojin ake taɓa ta, hannu cikin dogayen safunan roba da ke manne da jikin akwatin, domin iskar ɗaki da danshinta suna canja ta. Kusoshi biyu cikin 35 na murfin na'urar da ta ɗebo ƙasar Bennu sun ƙi kwancewa, kuma tunda ba kowane ƙarfe aka yarda ya shiga akwatin ba, sai da injiniyoyin Houston suka ƙera sababbin kayan aiki, ba a buɗe ba sai Janairun 2024. Wata uku ana kallon abin ta gilashi. Idan kina da gajen haƙuri, nan ma za a gwada ki.

Dalili na biyu shi ne wanda nake so ki yi tunani a kansa sosai, domin kin ɗauka idan kika bi malamar kin yi sallama da watannin ƙanƙara ke nan. A Janairun 2025 masu nazarin ƙasar Bennu suka wallafa cewa sun samu gishiri iri-iri a cikinta, irin wanda ke saura idan ruwan zartsi ya ƙafe a hankali. Cikinsu har da ma'adinin da ake kira turona, wanda shi ne jigon kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, wadda Mama ke jefawa a tukunyar wake. An ga danginsa a ƙwayoyin Ryugu. Kumbon Dawn ya ga irin gishirin nan a fararen tabon da ke ramin Occator na ƙaramar duniyar Ceres, Cassini kuma ya same shi a ƙanƙarar Enseladus. Ma'ana, wadda ta ƙware a kan yadda ruwan zartsi ya yi aiki a cikin uwar dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinta, ita ce wadda masu nazarin tekunan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Yuropa da Ganimid za su so su ji ta bakinta idan na'urorinsu suka fara ganin gishiri a saman ƙanƙarar. Ki tambayi malamar ko za a iya karkata aikinki ta wannan fuska. Idan ta yarda, za ki isa 2031 da digiri a hannu, da maƙaloli, da abin da za ki shiga tawaga da shi. Hukumomin nan sukan buɗe ƙofa ga sababbin masu bincike idan kumbo ya kusa isa, kuma abin da suke dubawa shi ne me mutum ya iya. Dani DellaGiustina tana ɗalibar digirin farko ta fara aiki da masu OSIRIS-REx a Arizona, ta zo ta jagoranci sashen hotunansa, yau ita ce shugabar kumbon a sabuwar tafiyarsa zuwa dutsen Apophis, wanda zai gifta duniyarmu da tazarar kusan kilomita 32,000 ranar 13 ga Afrilun 2029.

Ita ma malamar kada ki shiga wurinta ido rufe. Ƙwayoyin nan roƙonsu ake yi a rubuce, kwamiti ya duba ya ba da ko ya hana. Ki tambaye ta suna ɗakin gwajinta yanzu, ko takarda ta tura tana jira? Idan jira take, ita ma wani kumbon ne da bai iso ba, sai ki ji wane dutse za ki fara da shi kafin nan. Na'urorin awon nasu ne ko sai an bi layi a wata jami'ar? Kuɗin aikin na shekara nawa ne, ita kanta kujerarta ta dindindin ce ko za ta iya tashi ta bar ki a tsakiya? Rashin sunanta bai dame ni ba. Matashin malami da ɗalibai biyu yakan zauna da kai a gaban na'ura har dare, domin nasararka ita ce tasa.

Bambancin kwantiragi da alawus kuma ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ke shirin aure. A Jamus mai kwantiragi ma'aikaciya ce: tana da inshorar lafiya da fansho ta wurin aiki, doka ta ba ta hutun haihuwa na mako shida kafin haihuwa da takwas bayanta, da damar hutun reno. Mai alawus sai abin da masu ba da tallafin suka rubuta. Ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ki tambayi abu biyu a rubuce: ko ana ƙara wa'adin kwantiragin idan an yi hutun haihuwa, da kuma sharuɗɗan bizar kawo miji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abu kuma da ba kowa zai faɗa miki ba: mai fasfo irin namu yakan ci karo da dokokin Amurka na hana fitar da fasahar kumbo, a hana shi ganin wasu takardu ko shiga wasu ɗakuna. Aikin ɗakin gwaji a kan dutse bai cika samun wannan shingen ba.

Sai Baba. Tambayarsa mai ma'ana ce, kada ki amsa ta da fushi ko da dogon turanci. Ki fara masa da abin da ya faru a ƙasarsa. Ranar 3 ga Oktoban 1962, a kusa da Zagami cikin lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse a ƙasa. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar daga Mars ya fito, har a 1995 aka auna iskar da ta maƙale a cikinsa aka ga ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. Yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama, sunan ƙauyen yana cikin ɗaruruwan maƙaloli, amma da wuya ki ga sunan ɗan yankin a cikin marubutan. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a jihar Agadas, a Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda aka yi ya fita. Ki ce masa dutsen da yake cewa ba za ki taka ba, shi yake zuwa ya same mu har gona, kuma idan babu namu da ya san shi, wasu ne za su faɗa mana sunansa da kuɗinsa.

Idan ya nemi ƙari, ki ba shi labarin Chelyabinsk ta Rasha, inda dutse mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a sama ranar 15 ga Fabrairun 2013, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, yawanci daga gilasan tagogi. Sannan ki gaya masa cewa a ranar 26 ga Satumban 2022 an auna wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos da kumbon DART aka buga masa da gangan, zagayen da yake yi wa wani dutse da ya fi shi girma cikin awa 11 da minti 55 ya ragu da fiye da rabin awa, kumbon Hera na Turai kuma an tsara isarsa wurin a ƙarshen 2026 don ya duba abin da bugun ya yi. Sanin ko dutse dunƙulalle ne ko tarin tsakuwa ne, shi ke nuna yadda za a kauce masa, wannan kuwa aikin irinku ne. Dattijo ya san rigakafi. Kuma wannan hira ba ta waya ba ce. Ki bari sai kin zo gida, ki zauna a gabansa bayan la'asar, ki tafi masa da hoton dutsen Zagami a wayarki.

Ba ki tambaye ni batun dawowa gida ba, amma yana ƙarƙashin duk abin da kika rubuta, don haka zan taɓa shi. Gaskiya ita ce na'urorin da za ki saba da su a can ba za ki same su a yawancin jami'o'inmu ba, kuma wanda ya ce miki za ki ci gaba da aikin kamar yadda kika baro shi, daɗin baki yake miki. Amma akwai abin da ake yi daga wannan nahiyar. A Oktoban 2008 aka hango wani ƙaramin dutse saura ƙasa da kwana ɗaya ya shigo, ya fashe a saman hamadar arewacin Sudan, Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka jera ɗalibai a cikin rairayi suka tsinto gutsattsarinsa ɗaruruwa. Shi ne karo na farko da aka ga dutse tun yana samaniya sannan aka riƙe shi a hannu. A Senegal, Maram Kairé ya jagoranci shirya tawagogin da suka jera madubin hangen nesa a ƙauyuka a 2020 da 2021, suna auna daƙiƙun da wata tauraruwa ta ɓace lokacin da duwatsun Polymele da Orus suka gifta ta gabanta, domin kumbon Lucy ya san girmansu da siffarsu kafin ya isa. Mai iya tantance dutsen da ya faɗo daga sama, wadda kuma ta iya na'urorin awon ma'adinai, tana da abin yi a sashen ilimin duwatsu na kowace jami'a a Arewa, tana da shi a harkar haƙar ma'adinai da ta ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai daidaita na'urar kumbo guda ɗaya kuwa, inda na'urar take nan aikinta yake. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na karkata inda na karkata.

Ki yi istihara, ki tura wa malaman biyu tambayoyinki a rana ɗaya, ki ba su mako biyu. Amma kiran Kaduna kada ya jira amsarsu, domin ko wanne kika zaɓa a Jamus za ki zauna, shekarun kuma kusan ɗaya ne. Ki kira shi da kanki, ki ce kin yi magana ba tare da tunani ba, ki nemi ya ba ki lokaci ku tattauna a tsanake. Idan kun daidaita, sai ki sanar da Mama ta sanar da Baba, magabata su zauna. Amsar farfesan kuma idan ta zo, ki turo mini ita yadda ya rubuta, kada ki taƙaita.